Zanin da Ya Yi Gadin Tuffa

Ranar Talata ce, sha biyar ga Afrilu, irin ranar bazarar nan da ko ganye ba ya motsi. Tun da hantsi hadari ya taso, ya yi baƙi ƙirin, ya tsaya a kan Bauchi bai zubar da ko ɗigo ba. Kwana uku ke nan babu wuta a unguwar Gwallameji, firjin da ke lungun ɗakin Habila mai walda ya fara wari. Warin ne ya sa ya buɗe shi. Ba don haka ba da bai buɗe ba, don rabonsa da taɓa marfin nan tun ranar da aka binne matarsa Liatu, sati shida da suka wuce.

Ya fitar da robar miya da ta yi kumfa, da rabin kabeji da ya zama ruwa. Can ƙasa, a bayan kwalaben zoɓo, ya ga gwangwanin madara an liƙa masa filasta irin ta asibiti. A jikin filastar akwai rubutunta, mai karkata kamar zai faɗi: KADA A TAƁA. A BUƊE 15 GA AFRILU.

Habila ya ciro waya ya duba kwanan wata. Ya mayar da ita aljihu, ya sake cirowa ya duba. Sai ya zauna a siminti da gwangwanin a cinya.

Yashi ne mai danshi a ciki. Da ya tona da ɗan yatsa sai ga 'ya'yan tuffa, yawancinsu sun tsage, sun fito da farin tsiro kamar haƙorin jariri.

Nan ya tuna. Watan da ta yi a asibiti, duk wanda ya zo dubiya tuffa yake kawowa: 'yan Zumuntar Mata, da matar Fasto, da abokan aikinsa na bakin garejin Ƙofar Dumi. Ba ta iya cin fiye da yanka ɗaya, sauran shi take tura wa. Amma 'ya'yan ba ta yarda a zubar, a gefen ɗankwalinta take ƙulle su. Wata tsohuwa 'yar Jos da ke gadon kusa da nata ce ta gaya mata cewa irin tuffa ba ya tsira sai ya sha sanyi na wata biyu, sai an ruɗe shi ya zaci a ƙasarsu yake. Ashe da aka sallamo ta gida, firji ta kai su.

"Shekara nawa kafin ya yi 'ya'ya?" Habila ya tambaye ta a lokacin, yana dariya.

"Bakwai, in ji Mama," ta ce. "Kana da wani wurin zuwa ne?"

Ya zazzage yashin a tire ya ƙirga. Talatin da ɗaya. Ashirin da huɗu sun tsira.

Allah bai ba su haihuwa ba a shekara tara da suka yi tare. Bayan bizo kuma, wato jana'iza, danginta sun zo sun raba kayanta kamar yadda aka saba, har tukwane da takalma. Abu ɗaya ya ɓoye musu a ƙarƙashin katifa: zanin da take zuwa gona da shi, mai ruwan ɗorawa da ya koɗe, da ɗankwalinsa. Daga zanin nan sai wannan gwangwani, su ke nan abin da ya rage na Liatu a gidan.

Ya tsinto ledojin fiya wata, ya cika su da ƙasa da taki, ya jera su a inuwar katanga. Kwana goma suka yi ganye bibbiyu. Ranar da ya dawo daga aiki ya tarar ƙadangaru sun gutsure huɗu, ya bi wani jan gwada da takalmi har cikin gidan maƙwabta, yara suna ta dariya. Washegari ya sauke gidan sauronsu daga kan gado ya lulluɓe ledojin da shi, shi kuma sauro ya yi ta cinsa. Biyu suka bushe don kansu cikin zafin Mayu. Da damina ta zauna, ya ɗaure sauran sha takwas a kwali bayan babur, ya nufi Gubi.

A can suke da 'yar gona, a gindin wasu duwatsu, nesa kaɗan da dam. Liatu ce ke noma ta, gyaɗa da kuɓewa. Maƙwabcinsu Babayo ne, wani tsohon Bafulatani da ya daina yawo da shanu ya kafa gida a wurin. Yana ganin Habila yana haƙa ramuka ya tako da sandarsa a kafaɗa.

"Maƙeri, yau kai ne da fartanya? Me ake binnewa?"

"Tuffa ce, Baffa."

"Tuffa!" Babayo ya duƙa ya ƙura wa tsiro ɗaya ido. "Wadda ake sayarwa a baro da takarda a jikinta? A Bauchi? To in ta yi 'ya'ya ka kira ni, ni ma zan shuka taliya."

"Na Liatu ne," Habila ya ce. "Ita ta ajiye irin."

Babayo ya miƙe a hankali. Bai ƙara tsokana ba. Ya jingine sandarsa, ya karɓi fartanyar ya gyara ramin farko, ya ce an yi shi da faɗi ba zurfi.

Daga ranar aka shiga yaƙi. A satin farko gafiya ta tono biyu ta cinye saiwarsu. Babayo ya nuna masa raminta, suka toshe da duwatsu, suka kewaye wurin da ƙayar magarya. Gara ta ci ɗaya, aka zuba toka da dakakken ganyen darbejiya a gindin sauran. Zomo ya kutsa ta ƙarƙashin ƙaya ya datse ɗaya kamar da almakashi. Habila ya koma gareji ya yanka ragar waya, ya naɗe ta zagaye-zagaye, ya kifa wa kowane tsiro nasa, tsayin gwiwa. Awaki kuwa, Babayo ya dama kashin shanu da ruwa ya yayyafa wa ganyen, ya ce ko akuyar da ta fi kowa rashin kunya ba za ta sa baki ba.

Sha huɗu suka rage, suka kama ƙasa, suka yi kore shar. Kullum da asuba Habila yana can kafin ya tafi aiki, da la'asar ya sake dawowa. Ya san kowanne. Akwai mai jan ganye, akwai gajere mai taurin kai da ya ƙi tsawo sai faɗi. Wani lokaci yakan tsaya yana tunanin wanne ne daga tuffar matar Fasto, wanne ne daga wadda ya saya da kansa ranar da likita ya kira shi gefe.

A tsakiyar Agusta Babayo ya nuna masa kan dutse da haɓa. Jajayen birai ne zaune a jere, sun fi ashirin.

"Waɗannan ba ruwansu da ƙaya, ba ruwansu da raga," ya ce. "Hannu gare su irin naka. Ba ma ci suke yi ba, tumɓukewa suke su duba gindi su yar. Kai kana gari da rana, ni ina wajen shanu. Ka kafa mutum-mutumi."

Da wani manomi ne, da kara biyu zai gicciya ya rataya tsumma. Habila mai walda ne. Ya ɗauki rodi ya lanƙwasa, ya yi kafaɗu, ya yi ƙugu, ya sa boris ɗin tsohon babur a gindi don ya riƙa juyawa in iska ta kaɗa. Bai auna da tef ba, hannunsa ne ya auna. Sai da ya gama ya tsayar da shi ya ga kan ya zo masa daidai haɓa, kafaɗar hagu kuma ta ɗan sauka, irin ta mai yawan ɗaukar bokiti.

Ya gaya wa kansa cewa ba shi da wani tsumma a gida. Ya ɗaga katifa.

A gona ya cusa buhu da ciyawa, ya ɗaura zanin ya soke shi ta hagu yadda take yi, ya ɗaura ɗankwalin a kan ƙwarya, ya sako masa jela a baya. Ya kafa shi a tsakiyar tsiron. Da ya hau babur zai tafi ya waiwaya, iska ta taso daga dam, sai mai zanin ta juyo gaba ɗaya ta fuskance shi. Babur ɗin ya mutu a hannunsa.

Tun daga ranar, in ya karyo kwanar ƙarshe ita yake fara hangowa, tsaye cikin kore, wani lokaci ta ba shi baya, wani lokaci tana kallon hanya. Ya san rodi ne, shi ya ƙona shi da hannunsa. Duk da haka ranar uku ya ji bakinsa ya ce, "Sannu da aiki." Ranar biyar ya ba ta labarin mai jan ganye ya yi sabon reshe.

Ranar shida Babayo ya tare shi a bakin ƙaya, da wata tsohuwar riga da malafa a hannu. Fuskarsa ba wasa.

"Maƙeri, jiya matata Habibatu ta yar da ƙwaryar nono a kan hanyar nan. Ta shigo gida tana salati, wai ta ga marigayiya a gona ta juyo ta kalle ta. Tsohuwa da hawan jini, so kake ka kashe mini ita?"

"Ka ba ta haƙuri, Baffa. Ƙarfe ne kawai."

"Na san ƙarfe ne. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, birai ba sa tsoron mace. Tambayi duk matar da ke noma a gindin dutsen nan, a gabanta suke karya masara suna kallonta. Wando da hula suke gudu." Ya soka sandarsa a ƙasa. "Na uku kuma, wannan zanin sun san shi."

"Kamar yaya sun san shi?"

"Kai ba ka zuwa gona lokacin. In ta zauna cin abinci da azahar, saukowa suke. Ta watsa musu gyaɗa, ta jefa musu ɓawon mangwaro, tana yi musu magana kamar 'ya'yanta. Na yi faɗa har na gaji. Ta ce, Baffa, su ma Allah ne ya yi su." Ya miƙa masa rigar da malafar. "Cire mata. Sa wannan, ka rataya masa sanda. Yau."

Habila ya karɓa, ya ce to.

Da Babayo ya tafi ya je gabanta. Ya kai hannu inda ya soke zanin. Rana ta gasa shi, ya yi ɗumi kamar jikin mutum, kuma har yanzu da sauran ƙamshin man da take shafawa. Ya tuna ranar da ta cika, mata suka fitar da shi daga ɗaki suka rufe ƙofa, ba shi ya cire mata kaya ba, bai ma ga lokacin da aka cire ba. Iska ta ɗan motsa, boris ya yi ƙara siririya, kafaɗar ta goge hannunsa.

Ya ninke rigar Babayo ya ajiye a kan dutse, ya danne da malafar. Gobe, ya ce.

Washegari an kwana ana ruwa. Ya tarar da sawu a taɓo, kewaye da ƙafarta. Ba a taɓa tsiro ko ɗaya ba. Sawun tafin hannu ne ƙanana, yatsu biyar-biyar, kamar yara sun yi rarrafe sun zagaye ta. Ya daɗe a tsugune yana kallo. Ya san na mene ne. Amma bai share su ba, ya bi ta gefe don kada ya taka.

Ranar Lahadi bayan sujada, yayar Liatu, Matta, ta riƙo hannun rigarsa a ƙofar coci.

"Mijinmu, tsaya. Wai me nake ji? Masu kawo nono suna cewa ana ganin ƙanwata a Gubi."

"Mutum-mutumi ne, Yaya. Saboda birai."

"Da wane zani?" Ta ƙura masa ido. Ta tafa hannu. "Na sani! Ranar rabon kaya na ce ina mai ruwan ɗorawa, ka ce ba ka gani ba, kana kallon silin. Habila, yarinyar nan ta sha wahala, ta huta. Kai kuma ka tsayar da ita a rana tana yi maka gadi?"

"Itatuwanta ne."

"To ka tsare mata su kai da kake da rai. Dubi wuyanka kamar na zakaran da ya yi jinya. Ka kawo mini zanin in wanke in ajiye maka, ba zan ba kowa ba. In ba haka ba wallahi Fasto zan gaya wa."

Ya ce zai kawo ranar Laraba.

Ranar Talata ya tashi aiki da wuri, ya ƙudura a ransa yau zai cire. Ya isa Gubi da azahar, rana ta fito bayan ruwa, ƙasa tana tururi. Ya kashe babur tun daga nesa saboda taɓo, ya taka da ƙafa. Da ya zagayo bayan dutse sai ya tsaya cak.

Birai suna ciki. Ta reshen wata ƙirya suka diro bayan ƙayar. Sun zauna a gabanta sun yi rabin da'ira, manya da ƙanana, wata da ɗanta manne a ciki. Ba mai ƙara, ba mai taɓa komai. Duk sun ɗaga kai suna kallon ƙwaryar da ke ƙarƙashin ɗankwali. Wani tsoho mai farin gemu ya matsa, ya kama gefen zanin da yatsu biyu, ya ja a hankali, ya saki, ya buɗe tafin hannunsa.

Akwai dutse a gaban ƙafar Habila. Ihu ɗaya ya isa. Ya buɗe baki, amma abin da ya zo masa shi ne: wata shida ke nan, kowa ya daina nemanta. An raba kayanta, wata ta zauna a kujerarta a Zumunta, masu sayen zoɓo sun koma wani gida. Ga waɗansu sun sauko daga dutse da azahar, lokacin cin abincinta, suna jira.

Iska ta kaɗa, mai zanin ta juya a hankali daga wannan zuwa wancan, kamar tana ƙirga su. Ya ji har muryarta, yadda take cewa, ku yi haƙuri mana, kowa zai samu.

Bai san minti nawa ya yi a tsaye ba. Tsohon ya sake jan zanin, da ƙarfi wannan karon. Ba ta ba shi komai ba. Ya juya, ya ga raga a kusa da shi, ya ɗage ta kamar mai buɗe kwano, ya tumɓuke abin da ke ciki, ya shinshina saiwar, ya gatsa, ya yar. Kafin Habila ya ja numfashi duk sun watsu cikin gonar, raga tana tashi sama, ƙasa tana fallatsa.

Sai a lokacin ihun ya fito. Ya faɗa ta cikin ƙaya bai nemi ƙofa ba, yana jifa, yana zagi, yana kiran sunanta. Suka tsallake kamar ba su taɓa zuwa ba. Na ƙarshe ya taka kafaɗarta ya fizge ɗankwalin, ya haye dutse da shi a baki. Ta yi ta juyawa ita kaɗai, da ƙwarya tsirara, har boris ya gaji ya tsaya.

Babayo ya iso yana haki. Ya dubi gonar, ya dubi rigarsa da ke ninke a kan dutse inda aka bar ta kwana biyar, ruwa ya jiƙa ta ya bushe. Bai ce ai na gaya maka ba. Ya tsuguna ya fara tsince tsiron ɗaya bayan ɗaya, yana duba ko akwai mai sauran saiwa. Babu. Duk an gatse su a wuya.

"Baffa," Habila ya ce, "ina nan tsaye. Ina kallonsu."

"Na hango ka," in ji Babayo.

Habila ya goge jinin ƙaya a wandonsa. Ya je ya zare zanin daga inda ya soke shi, ya warware, ciyawa ta zube. Rodi ne, da tabon walda a kowace gaɓa. Ya ninke zanin ya sa cikin rigarsa. Ya ɗauko rigar Babayo ya zura wa ƙarfen, ya kifa malafar, Babayo ya ba da sandarsa aka ɗaure a kafaɗa. Suka sare reshen ƙiryar. Sannan Habila ya bi ramukan ya ƙirga da ƙarfi, Babayo yana riƙe masa lissafi da yatsu.

Iri talatin da ɗaya ta ajiye. Bakwai ba su tsira ba. Ƙadangaru sun ci huɗu, zafi ya kashe biyu, gafiya biyu, gara ɗaya, zomo ɗaya. Birai sha biyu, har da mai jan ganye. Ɗankwali ɗaya ya tafi, zani ya yage kamu biyu daga gefe. Saura biyu a ƙasa: gajeren nan mai taurin kai, da wani na can lungu da bai taɓa kula da shi ba.